Soriyasis: an ce ba ta warkewa, ina zan samu masu irin ciwona?

Tambaya: Likita, shekaruna 27, ina koyarwa a firamare. Tun hunturun bara wasu tabbai masu kauri da farin ɓawo suka fito min a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da ƙeya. Na yi maganin makero, na yi na kirci, na sha jiƙe-jiƙe, shiru. Makon jiya likitan fata ya ce soriyasis ce, kuma ba ta warkewa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. A gida an ware min bokiti, ƙanwata ta daina kwana a gadona. A makaranta ɓoyewa nake yi, mai nemana ma ban gaya masa ba. Ban taɓa ganin mai irin wannan ciwo ba. Ina zan samu waɗanda zan yi magana da su, kuma yaya ake zama da abin da ba ya warkewa?

Amsa: Ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya kawo sauƙi. Zan fara da kalmar da ta hana ki barci. Idan likita ya ce soriyasis ba ta warkewa, nufinsa har yau ba a samu maganin da zai tumɓuke ta daga jiki ta tafi ke nan ba. Bai ce babu magani ba. Magani akwai shi, kala-kala ma, kuma yana ci. Sahunta ɗaya da asma da hawan jini: a danne ta ta kwanta, wata da watanni, wani lokaci shekaru, in ta motsa a sake kwantar da ita. Cikin waɗanda nake dubawa akwai waɗanda in sun shigo ba za ki gane inda ciwon yake ba sai sun naɗe hannun riga sun nuna miki ɗan duhun da ya rage. A asibiti mai cunkoso ba kasafai ake samun sukunin wannan bayani ba, sai mara lafiya ya koma gida da rabin magana, rabin da ya fi ɗaci.

Fatar mutum kullum cikin sabunta kanta take. Sababbin ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa, su yi ta hawa a hankali, su iso sama su bushe su kakkaɓe ba a lura ba, kuma wannan tafiya takan ɗauki kusan wata guda. A jikin mai soriyasis, garkuwar jiki takan rikice ta riƙa tayar da kumburi a fata alhali babu cutar da take yaƙa a wurin. Sai fatar ta shiga gaggawa, tafiyar wata guda ta yi ta cikin kwana 3 zuwa 4, kamar mai waina da layi ya yi wa yawa, tana kwashewa tun ba ta nuna ba tana tarawa a gefe. Wannan tarin ɗanyun ƙwayoyi shi ne kaurin da kike ji, shi ne farin ɓawon da ke zuba a kafaɗarki da kan matashi.

To kin ga babu ƙwayar cuta a lamarin, babu abin da zai tashi daga jikinki ya hau na wani. Ba a ɗaukar ta ta bokiti, ko gado, ko kwanon abinci, ko gaisawa, ko kwanciyar aure, ko shayarwa. Ƙazanta ba ta kawo ta. Ba makero ba ce, shi ya sa maganinsa bai yi miki ba, ba ƙazuwa ba ce, ba daji ba ce. Na kuma san abin da mutanen gida ke rayawa a zuci ba sa furtawa, wato kuturta. Tabon kuturta yakan mutu, a shafa masa auduga mai shi bai ji ba. Naki yana ji, yana ƙaiƙayi, wani lokaci har da raɗaɗi. Abin da aka tabbatar shi ne akwai gado a ciki. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu ita, in aka bi dangi, za a tarar da wani mai irinta, ko da kakan nan ne da aka sani da amosarin da ba ya jin magani. Amma gadon shi kaɗai ba ya isa sai wani abu ya tsokane ta, kuma da yawa sun gada har suka tsufa ba ta fito musu ba.

Kin ce ba ki taɓa ganin mai irin ciwonki ba. Ina kyautata zaton kin gani, ba ki dai sani ba. Gaskiya ne ba ta da yawa a Afirka ta Yamma kamar a arewacin Turai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da ita a duniya, sai dai rabon ya sha bamban: a Norwe an samu fiye da mutum 11 cikin 100, a Tanzaniya kuwa bai kai 1 cikin 1,000 ba. Ban da wannan, littattafan likitanci sun saba kwatanta ta da jan tabo, domin a farar fata aka ɗauki hotunan. A fatarmu takan fito da duhu, ko ruwan toka, ko shunayya, don haka ana iya shekara da shekaru ana yi mata kallon kirci. Sannan hijabi da doguwar riga da hula suna rufe gwiwa da ƙeya tsaf. Yadda kike ɓoye naki a makaranta, haka wata ke ɓoye nata, wataƙila a layinku.

Kafin a nemi 'yan'uwa a waje, a fara gyara cikin gida, domin wadda aka ware wa bokiti a gidansu babu ƙungiyar da za ta gama share mata hawaye. Kada ki ɗauki abin da suka yi a matsayin ƙiyayya. Tsoro ne, kuma bayani yana kawar da shi. Sai dai bayanin daga bakinki ba zai yi nauyi ba, za a ce kanki kike karewa. Ranar komawa asibiti ki tafi da wanda maganarsa ta fi shiga a gidan, Hajiyarku ce, Yaya babba ne, ko gwaggo, ki roƙi likita ya faɗa a gabansu cewa ba a ɗauka. Ni in aka zo min da uwa, nakan ɗora tafin hannuna a kan tabon ba safa, in bar shi a wurin muna ta hira. Sau da yawa kafin mu gama sai in ga uwar ta miƙo nata hannun ta shafa. A makaranta ma ki zaɓi malama ɗaya da kika yarda da ita ki gaya mata, don ki samu inda za ki naɗe hannun riga ki yi alwala hankali kwance. Yara in sun tambaya, jimla ɗaya ta ishe su: ciwon fata ne, ba a ɗauka, ina yin magani.

Neman masu irin ciwonki da kike yi daidai ne, ban kuma ɗauke shi ƙaramin abu ba. Ni na san ciwon nan a littafi, na san shi da ido, amma ban taɓa tashi da asuba na kakkaɓe ɓawo daga zanen gado don kada wani ya gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ta shekara goma da shi za ta gaya miki abin da ba ya cikin littattafanmu: wane yadi ne ba ya cizon tabo, wace kalar hijabi ce ba ta tona ɓawo, me ta ce wa uwar mijinta, yaya ta ƙetare ranar bikinta. Hatta babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ya zartar da ƙuduri a kan soriyasis a 2014, sai da ya ambaci ƙyama da wariyar da ake nuna wa masu ita a matsayin wani ɓangare na wahalarsu.

Wuri mafi kusa da za ki same su shi ne bencin da kika zauna makon jiya kina jiran layi. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos suna da ranakun ganin likitan fata, kuma masu soriyasis na yankin can suke taruwa, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon katinsa. Likita ba shi da hurumin ba ki lambar wani, wannan sirrin mara lafiya ne. Amma ke kina da ikon ba da taki. Ki samu nas ɗin da ke kula da sashen ki ce, "Sista, in wata mai irin ciwona ta zo tana son wadda za ta yi magana da ita, ga lambata." Ki roƙi likitan ya tuntuɓi ɗaya daga cikin tsofaffin marasa lafiyarsa ko za ta yarda ku gaisa. Ba sai an yi ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba. Mutum uku ko huɗu da ke jin muryar juna a WhatsApp, suna tuna wa juna ranar asibiti, suna gaya wa juna kemis ɗin da magani ya fi sauƙi, sun fi zauren mutum dubu da babu wanda ya san wani. Kuma ba lallai sai ciwo iri ɗaya ba. Mai farin tabon fata, mai kirci mai tsanani, mai sikila, duk sun san kallon da ake yi wa mutum a taron biki, sun san nauyin ciwon da ke tafiya yana dawowa.

A intanet kuwa, tunda kina jin Turanci, ki nemi sunan yadda aka rubuta miki a kati, psoriasis, za ki samu zaurukan masu ita a Facebook. Akwai tsofaffin ƙungiyoyi da bayanansu abin dogaro ne: National Psoriasis Foundation a Amurka, da Psoriasis Association a Ingila, wadda aka kafa a 1968, da IFPA, uwar ƙungiyoyin ƙasashe, wadda ke shirya Ranar Soriyasis ta Duniya kowace 29 ga Oktoba. Ki shiga, amma da idonki buɗe. Waɗanda suka fi yin rubutu a irin waɗannan wurare su ne waɗanda ciwon ya fi tsananta musu, wanda ya samu sauƙi yakan tafi sha'aninsa ya daina leƙowa. Don haka hoton da ya tayar miki da hankali ba shi ne makomarki ba. In kin lura zaure yana hana ki barci, ƙarfe biyun dare kina ta duba hotunan jikin mutane, ki fita, ki nemi wani. Kada ki tura hoton da ke nuna fuskarki ko wurin da ba ki so duniya ta gani, abin da ya shiga waya ba a san inda zai tsaya ba.

Sai masu talla. Duk zauren marasa lafiya yana da su, kuma da kin yi rubutun farko za su biyo ki ta bayan fage da alƙawarin waraka har abada cikin makonni. Abin da ke sa kasuwarsu ci shi ne halin ciwon kansa: yana lafawa don kansa, musamman in damina ta shigo, sai duk abin da mutum ke sha a lokacin ya kwashi yabo. Haka masu jera miki abincin da za ki ƙaurace wa, nama, ƙwai, gyaɗa, nono, har mutum ya rame a banza. Abin da aka tabbatar dai shi ne mai ƙiba in ya rage yakan samu sauƙi, kuma taba da giya suna ƙara ta'azzara ta. Ki karɓi ƙarfin gwiwa da dabarun zama daga 'yan'uwa, magani kuwa ki bar wa wanda ya duba ki.

Wanda ya fi ba ni tsoro cikin abin da za a ba ki shawara shi ne ƙwayar sitiroyid ko allurarsa, irin su firedinisolon da dekzametazon, wanda wasu mata ke sha don ƙiba. Cikin mako fata za ta yi sumul, ki yi ta sa wa wanda ya ba ki albarka. Bayan an daina, ciwon yakan dawo ninkin ba ninkin. Wani jikinsa duka ya ɗauki zafi ya riƙa saɓa, wani ƙuraje masu mugunya su feso masa da zazzaɓi da rawar sanyi. Wanda ya kai nan asibiti zai tafi a ranar, ba a kwana da shi a gida. Haka man shafawa mai haɗin uku da ake sayarwa barkatai, mai ɗauke da kulobetasol. Kulobetasol magani ne na gaske, mu ma muna rubuta shi, amma da awo da wa'adi na 'yan makonni, a wurin da fata ke da kauri, ban da fuska da hamata da matse-matsi. In aka daɗe ana shafa shi yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa, ya kashe launi. Awon da muke koya wa mutane shi ne a matso daga kan yatsa manuniya zuwa gaɓar farko, wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu.

Da tafin hannun nan ma muke auna girman ciwon, domin tafinki da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinki. In tabban duka ba su kai tafi 3 ba, mai sauƙi ce, in sun wuce 10 mai tsanani ce. Yawancin masu ita na shafawa ya ishe su: sitiroyid da aka auna, kalsifotiriyol dangin bitamin D, man kwalta na magani, da salisilik asid mai sauke ɓawo. A ba su makonni 4 zuwa 8 kafin a yanke musu hukunci. In wuri ya kwanta ya yi laushi amma ya bar duhu ko haske, ciwon ya lafa ke nan, launin yakan ɗauki watanni kafin ya koma, kada a ci gaba da lafta masa magani. In na shafawa bai isa ba, akwai gasa fata da haske na musamman a inda ake da injin, akwai kuma metotireksat, tsohon magani mai sauƙin kuɗi. Shi sau ɗaya ake shan sa a mako, ki riƙe wannan da kyau, shan sa kullum yana iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana gwajin jini da na hanta kafin a fara da kuma lokaci-lokaci. Sama da shi akwai alluran zamani irin su adalimumab, masu aiki ƙwarai amma masu tsada, kuma sai an yi gwajin tarin fuka da na ciwon hanta tukuna.

Abin da ke hannunki kullum shi ne mai. Ba banza ba ciwon ya fara miki da hunturu, bushewar iska na cikin manyan masu tayar da shi. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, da sabulu marar ƙamshi marar kaifi. Ki ajiye soso mai kaushi, tafin hannu ya wadatar. In kin fito ki daddanna tawul, kada ki dirza, tun da sauran laima ki shafa basilin ko man kaɗanya mai kyau, ki maimaita da rana da lokacin kwanciya. Hantsin safe na 'yan mintuna yana taimakon da yawa. Ɓawon nan kada ki ɓanɓare shi da farce komai jan hankalinki da yake yi, in ya sha mai ya kwana da kansa yake sauka.

Dalili kuwa, soriyasis tana da wani hali: duk inda fata ta ji rauni tana iya tsirowa a wurin bayan mako biyu ko uku. Tsagar wanzami, ƙaho, sakiya, dirzar dilka, cire gashi da halawa, kitson da aka ɗaure har ya ɗaga fatar kai, man miƙar da gashi mai ƙuna, baƙin lalle mai sinadari, duk ƙofofi ne. Na sha ganin tabbai sun jeru reras a kan layin tsagar da aka yi don a fitar da mugun jini. Na ƙeyar nan, a tsefe kai, a tsaga gashi layi-layi a shafa maganin a kan fatar kanta, a ɗaura ɗankwali a kwana, da safe a wanke a hankali. Kitso ya zama manya, sakwa-sakwa. Ki gaya wa mai kitsonki tun kafin ta sa hannu, ya fi ta gano da kanta ta kai labari gaba. Ciwon maƙogwaro ma yana tayar da ita, haka kulorokwin, da litiyam na ciwon taɓin hankali, da wasu magungunan hawan jini irin su atenolol. Duk wanda zai rubuta miki magani, ko na zazzaɓi ne, ki sanar da shi. Addu'a kuwa ki dage da ita, ba ta karo da asibiti. Amma duk abin da ke ƙuna, tafarnuwa ce, toka ce, man birki ne, kada ya hau fatarki, kuma jiƙe-jiƙen da kika sha ki lissafa wa likita su duka saboda hanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ciwon ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Har zuwa mutum 3 cikin 10 na masu shi yakan taɓa musu gaɓoɓi. In kin fara tashi da safe gaɓoɓi a sandare fiye da rabin awa, ko yatsa guda ya kumbura suntum daga tushe har baki, ko diddige ya riƙa ciwo, ko farce ya fara ramuka yana ɗagawa, kada ki ce sanyi ne. Ki faɗa da wuri, domin fata tana komawa amma gaɓar da ta lalace ba ta komawa. Ki riƙa auna jini da suga ko sau ɗaya a shekara, masu soriyasis sun fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga. Kwanciyar hankali ma yakan taɓa ta. Kukan makon farko ba abin mamaki ba ne. Amma in aka wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, ba raunin imani ba ne. Ki gaya wa likita kamar yadda kika nuna masa gwiwarki, don damuwar da kanta tana ƙara hura wutar tabban.

Mai nemanki, shawarata ki gaya masa da bakinki kafin a sa rana, lokacin da hankalinki ya ɗan kwanta kuma kin iya bayanin da kanki. Ya ji daga gare ki ya fi ya ji daga bakin 'yan gulma da ƙarin gishiri. In yana da tambaya ku zo asibiti tare. Abin da zai so sani a fili yake: ba zai ɗauka ba, ba ta hana haihuwa, kuma yawancin 'ya'yan da ɗaya daga cikin iyayensu ke da ita ba ta fito musu. Mata da yawa ma sukan samu sauƙi lokacin goyon ciki, ta ɗan motsa bayan haihuwa. Inda ake taka-tsantsan shi ne magani. Metotireksat yana cutar da ɗan tayi, asitiretin kuwa, wani maganin soriyasis na sha, sai an shekara 3 da daina shi kafin a ɗauki ciki. Don haka da an fara maganar biki ki sanar da likitanki, ya tsara miki maganin da zai dace da amarya, ya kuma gaya miki irin gyaran jikin da fatarki za ta iya ɗauka.